Filin Aljihu: Ƙaramin banki zai ba ka jari, amma zai saya maka gida?

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan ƙananan bankuna suke, waɗanda a zamaninmu ake kira bankunan al'umma. Da yake a irinsu na yi aiki har na yi ritaya, edita ya ce in haɗa su in amsa a zama ɗaya. Na taƙaita wasu, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

Tambaya: Baba, sannu da ƙoƙari. Ni tela ne, ina da shago da yara uku masu koyon aiki. Ina so in sayi babban keken ɗinki na lantarki da ɗan janareta kafin azumi, domin duk shekara aikin sallah yana fin ƙarfinmu har mu riƙa mayar da mutane. Na je babban bankin da nake ajiya, suka ce sai na kawo takardar gida, ni kuwa haya nake. Wani ya ce in gwada ƙaramin bankin da ke bakin kasuwarmu. Me ya raba su? Daga wani tela, Zariya.

Amsa: Ɗana, don irinka aka ƙirƙiro su. A watan Disamba na 1990, zamanin Janar Babangida, aka buɗe bankin al'umma na farko, wato Alheri, a Tudun Wadar Kaduna, nan kusa da kai. Manufar ita ce mutanen gari su haɗa jari, ƙungiyar ci gaban garin ta riƙe kaso, a tara ajiyar mutanen wurin a ranta wa mutanen wurin bisa sanayya da mutunci, ba sai da takardar gida ba. A ƙarshen 2005 Babban Bankin Najeriya ya fito da sabon tsari, ya ba bankunan al'umma wa'adin ƙarshen 2007 su rikiɗe zuwa bankunan maikurofainans. Yanzu hawa-hawa ne: akwai na unguwa ko ƙaramar hukuma, akwai na jiha, akwai na ƙasa baki ɗaya. Na bakin kasuwarku mai yiwuwa cikin na farkon yake.

Manajan babban banki ba zai taso ya zo shagonka a kan dubu ɗari uku ba, wahalar ta fi ribar. Jami'in ƙaramin banki kuwa aikinsa ke nan. Zai zo ba tare da ya sanar da kai ba, ya zauna a benci, ya yi hira da yaranka, ya leƙa wurin mai sayar maka da zare da shugaban ƙungiyar teloli. Ni idan na shiga shagon tela, kayan da ke rataye nake fara ƙirgawa: nawa aka gama masu su ba su zo karɓa ba, nawa aka karɓi kuɗinsu ba a ko yanka ba. Wannan ya fi kowace takarda gaya mini yadda mutum yake riƙe alkawari. Saboda haka ka tanadi littafi, ko na makaranta ne mai shafi arba'in, ka riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kullum. Ka buɗe asusu da su tun yanzu, kuɗin ɗinki ya riƙa bi ta ciki, domin yawancinsu ba sa ba baƙo bashi sai sun ga motsin asusunsa na ɗan lokaci, wasu ma sai ka ajiye wani kaso na abin da kake nema. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Za su nemi BVN da lambar katin ɗan ƙasa da mutum ɗaya ko biyu da za su tsaya maka. Batun jingina kuma, tun 2017 akwai dokar da ta amince a jinginar da kayan da ake iya ɗagawa, kamar inji ko babur ko dabbobi, kuma akwai rajistar da Babban Banki ya buɗe a 2016 da ake shigar da su. Keken da za ka saya shi kansa zai iya zama jinginarka.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne wajen kuɗin ruwa. Ƙananan bankuna da wata suke faɗin nasu, ba da shekara ba, shi ya sa yake yi wa kunne daɗi. Ɗauki misali, an ba ka naira 300,000 na wata shida a kan kashi 4 cikin ɗari duk wata. Idan a kan uwar kuɗin gaba ɗaya ake lissafi har ƙarshe, duk wata ruwan 12,000 ne, jimilla 72,000. Idan kuwa a kan abin da ya rage ake yi, kana biyan 50,000 daga uwar kuɗi duk wata, ruwan zai riƙa sauka: 12,000, 10,000, 8,000, har ya kai 2,000, jimilla 42,000. Dukansu “kashi huɗu” za a ce maka, alhali tsakaninsu akwai 30,000. Kada ka tsaya jayayya a kan kashi. Ka ce wa jami'in: rubuta mini nawa zai shigo hannuna bayan an cire kuɗin fom da na inshora da ajiyar dole, sannan nawa zan biya duka. Waɗannan lambobi biyu su ne cinikin.

Lokacin karɓa ma dabara ne. Aikin tela ba ya tafiya daidai duk shekara, bayan ƙaramar sallah kasuwa takan mutu sai an doshi babba. Idan ka karɓa a farkon Rajab, wata shidan zai ƙare a ƙarshen Zulhajji, sallolin biyu duk sun faɗo cikin lokacin biya. Keken, a ganina, ya cancanci bashi, domin zai biya kansa. Janaretan ne nake ɗari-ɗari da shi: tun da aka cire tallafin mai a 2023, ba sayensa ne wahala ba, ciyar da shi ne. Ka lissafa man da zai sha a watan azumi kafin ka sa shi cikin bashin.

Tambaya: Malam, mu mata goma sha biyu ne, muna yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma mun daɗe muna adashi. Muna son injin markaɗe namu na kanmu, amma mazajenmu sun ce bashin banki riba ce, ba za mu ci ba. Akwai wata hanya? Daga uwar adashi, Funtuwa.

Amsa: Hajiya, akwai. Hukunci na malamai ne, ni yadda cinikin yake zan bayyana miki, ku kai musu su duba. Bankin Jaiz ya fara aiki a Janairun 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, TAJ ya biyo baya a 2019, kuma a 2017 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin kafa ƙananan bankuna marasa kuɗin ruwa. Abin da ya dace da buƙatarku shi ne murabaha. Ba za a ba ku kuɗi a hannu ba. Ku za ku nuna injin da kuke so, banki ya saya ya zama nasa, sannan ya sayar muku da ribar da aka faɗa ƙarara, ku riƙa biya kaɗan-kaɗan. Da zarar an ƙulla, farashin ya tsaya, ko kun yi jinkiri ba ya hayayyafa. In an ci tarar jinkiri, ba ta shiga ribar banki, sadaka ake yi da ita. Akwai kuma ijara, inda injin yake zama na banki kuna biyan haya har ya dawo naku.

Ku tambayi abu biyu. Shin bankin ya sayi injin da gaske kafin ya sayar muku, akwai rasiɗi da sunansa? Sannan su wane ne malaman kwamitin da ke duba harkokinsa? Doka ta wajabta wa kowane irin wannan banki ya kasance da su. Kada kuma ku shiga da zaton zai fi araha. Sau da yawa abin da za ku biya a ƙarshe bai yi nisa da na sauran ba, tsarin cinikin ne ya bambanta.

Babban abin da kuke da shi, littafin adashinku ne. Rancen ƙungiya, wanda bankin Grameen na Muhammad Yunus ya yi suna da shi a Bangladesh, ƙungiyar ba da ƙananan rance ta LAPO kuma ta yaɗa shi a nan daga birnin Benin, bai wuce abin da kuke yi ba: mata sun san juna, kowa ta tsaya wa 'yar'uwarta. Ku yi rajistar ƙungiyar gama-kai a jiha, ku buɗe asusu da sunanta. Amma ki sani, idan ɗaya ta gaza, sauran ne za su cike. Ke kin fi kowa sanin wadda kuɗi ba ya kwana a hannunta sai maigida ya karɓe. Wannan ta ci gaba da adashi, kada sunanta ya shiga takardar banki.

Tambaya: Baba, ni malamin sakandare ne, shekaruna 34, da mata da 'ya'ya uku, muna gidan haya. Ina ajiya a wani ƙaramin banki kuma suna mutunta ni. Na tambaye su bashin sayen gida na miliyan goma, manajan ya yi murmushi ya ce ba layinsu ba ne. Ga shi kuma ina ganin ana cire mini kuɗin NHF a albashi. Ina zan dosa? Daga wani malami, Kano.

Amsa: Malam, manajan nan ya kyauta maka. Kuɗin da ke hannunsa na mai tireda ne da mai kayan miya, waɗanda za su ajiye yau su zo ɗauka ranar kasuwa. Ba zai ɗauki kuɗin kwana bakwai ya ba ka na shekara ashirin ba. Ƙa'idar da Babban Banki ya fitar musu a 2012 ma ta nuna ƙaramin rance wata shida ne bisa al'ada, na noma ya kai shekara ɗaya, na gyara ko ginin gida shekara biyu. Ko da ya yarda, ruwan zai kashe ka. Miliyan goma a kan kashi 24 a shekara, na tsawon shekara ashirin, kusan naira 202,000 ne duk wata, kuma kusan dukansa ruwa ne.

Ƙofarka tana cikin takardar albashin nan da kake ƙorafi a kai. An kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, da doka ta 3 ta 1992, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, yana riƙewa. Wanda ya yi wata shida yana zubi ya cancanci neman rance a kan kashi 6 a shekara, har tsawon shekara 30, muddin zai gama biya kafin ya kai sittin ko ya yi ritaya. Kai ke nan kana da kamar shekara 25 a gabanka. Miliyan goman nan a kashi 6, na shekara ashirin, kusan 71,600 ne a wata, in aka ja shi zuwa 25 ya dawo kusan 64,400. An daɗe iyakar rancen tana miliyan 15, daga baya aka ɗaga ta zuwa 50, amma wannan kada ya ruɗe ka. Abin da ke yanke hukunci shi ne albashinka, domin ba a yarda biyan wata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu ba. Raba albashinka uku, abin da ya fito shi zai gaya maka girman gidan, ba dillali ba.

Fara da tabbatar da cewa abin da ake cirewa yana isa inda aka nufa. Je ofishin FMBN na jiha da takardun albashinka, ka nemi lambarka da bayanin zubinka. Na ga mutanen da aka yi shekaru ana cire musu, da suka je aka tarar asusun wayam, ma'aikatarsu ba ta tura ba. Bayan nan, rancen ba kai-tsaye ake karɓa ba, ta hannun bankin lamunin gidaje mai lasisi ake bi, shi ke haɗa takardunka ya miƙa.

Inda yawancin mutanenmu ke tsayawa cak shi ne takardar gida. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, abin da kake riƙewa shaidar izinin zama ce, yawanci ta shekara 99, kuma ba a jinginar da ita sai da amincewarsa. Takardar cinikin da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu tana da daraja a unguwa, amma bankin lamuni ba zai karɓe ta ba. Duk gidan da aka nuna maka, kafin ka ba da ko sisi, a kai lambar satifiket ɗinsa KANGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar Kano, a bincika: sunan wa ke kai, an taɓa jinginar da shi, akwai gādo a ciki? Gida mai arha marar takarda ba naka ba ne ta wannan hanya, komai kyansa.

Za a nemi ka kawo kason ka, wanda ga gida irin wannan kashi goma ne, wato miliyan ɗaya, ban da kuɗin lauya da na mai kimanta gida da na rajista. Idan kana cikin tsarin fansho na zubi, tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa ta yarda a ciri har kashi 25 na abin da ke asusun mutum don biyan wannan kaso, in ya yi wata 60 yana zubi. A nan ne kuma ƙaramin bankinka zai yi maka rana: buɗe asusun ajiya na musamman da ba ka taɓawa, a riƙa zare wani abu ranar albashi. In takardun suka zo ƙarshe aka rasa dubu ɗari biyu na rajista, su za su cike maka cikin mako guda, saboda sun san ka. Ka tambayi FMBN kuma game da tsarinsu na haya har a mallaka, inda kake shiga gidan da suka ɗauki nauyin ginawa, hayarka tana zama biya.

Abin yana cin lokaci, ba na wata ɗaya ko biyu ba ne. Kada ka sallami mai gidan hayarka sai makulli ya shigo hannu.

Tambaya: Alhaji, ina jin ana rufe ƙananan bankuna. Kuɗina dubu ɗari takwas suna ɗaya daga ciki. In kwashe? Daga mai sayar da hatsi, Gusau.

Amsa: Ana rufewa, ɗan'uwa. A 2010 Babban Banki ya soke lasisin 224, a watan Mayun 2023 ya sake soke na 179. Amma idan naka mai lasisi ne, hukumar NDIC, mai inshorar ajiyar banki, ta tsaya wa ajiyarka, kuma a 2024 ta ɗaga abin da take biyan kowane mai ajiya a ƙaramin banki daga naira 200,000 zuwa miliyan biyu. Kuɗinka na ciki. Ka duba sunan bankin a jerin da ke shafin Babban Banki na intanet. Masu yawo da jaka suna karɓar zubi kullum, da masu alkawarin ninka kuɗi a wata uku, NDIC ba ta san da zamansu ba.

Tambaya: Baba, ni makanike ne, ba ni da albashi. Na sayi fuloti a bayan gari, na yi harsashi, na kai gini linta da kuɗin hannuna, yanzu shekara biyu ke nan ya tsaya. Hayar da nake biya dubu ɗari uku ce a shekara. In ci bashi in ƙarasa? Daga wani makanike, Katsina.

Amsa: Ɗana, kai ne mutumin da ƙaramin banki yake iya sakawa a gidansa na farko, kuma a haka akasarin gidajen garuruwanmu suka tashi, bulo ɗari yau, tifar yashi gobe. Ba na ba kowa shawarar cin bashi don harsashi, domin zai riƙa biyan banki yana biyan haya, ga kango ruwa na dukansa. Amma daga linta zuwa shiga, lissafin daban ne. Dubu ɗari uku a shekara 25,000 ne a wata, kuma ranar da ka tare wannan kuɗin ya dawo aljihunka, shi zai taya ka biya.

Sharaɗin shi ne kada ka nemi na ƙarasa gida duka. Kira kafinta da birkila su yi maka lissafin ɗaki biyu da banɗaki kawai: katako, kwano, ƙusa, ƙofofi da tagogi, daɓen ƙasa, sai ƙyauren waje. Filasta da silin da fenti su jira ka kana ciki. Ka daidaita karɓar kuɗin da ƙarewar hayarka, aikin ya kammala kafin mai gida ya zo neman ta sabuwar shekara, kuma ka yi shi da rani. In bankin ya ce zai biya mai kwano da mai katako kai-tsaye, kada ka ji haushi. Kuɗin gini in ya kwana a gida, suna da biki da asibiti duk sai sun ji ƙamshinsa.

Ka faɗa musu gaskiya cewa na gini ne, domin a ba ka mai dogon wa'adi. Mafi yawan bashin da na ga ya lalace a aikina, mutum ne ya karɓa da sunan jari ya zuba a siminti. Jari yana juyawa ya kawo na biya, bango ba ya kawo komai, sai wata na uku ka ga mutum ya fara sauya hanya in ya hango jami'inmu. Kafin ka ɗora kwano kuma, je hukumar tsara birane ka tabbatar fulotin bai hau hanya ko magudanar ruwa ko filin gwamnati ba, ka fara neman satifiket ko da a hankali ne.

Tambaya: Malam, na tsaya wa abokina ya karɓi bashi, ya daina biya, ya kashe waya. Yanzu ni suke kira. Da gaske za su iya kama ni da shi? Daga wani direba, Azare.

Amsa: Da gaske ne, ɗan'uwa. Hannun da ka sa ba shaida ba ce, alkawari ne cewa in bai biya ba kai za ka biya. Shi ma kashe waya ba zai fisshe shi ba: tun Agustan 2020 akwai tsarin da ya ba banki damar bin BVN ɗin wanda ya ci bashi ya zare daga asusunsa na wasu bankuna, in ya sa hannu a kan haka, kuma sunansa zai shiga rajistar masu taurin bashi da sauran bankuna ke dubawa. Da yawa daga waɗanda suka karɓi rancen korona suna zaton kyautar gwamnati ce, ta haka suka gane.

Kada ka ɓuya. Je da ƙafarka, ka nemi kwafin takardar da ka sa wa hannu da cikakken lissafin abin da ya rage, uwar kuɗi daban, ruwa daban, tara daban. Ka kai su gidan abokin, ka haɗa da yayansa ko mahaifinsa, domin a ƙaramin banki zaman dattawa yakan warware abin da takarda ta kasa. In ya zama dole kai za ka biya, roƙi a yafe tarar a raba maka sauran, yawanci sukan yarda da wanda ya kawo kansa. In kuwa ka ga an ƙara abin da ba ya cikin yarjejeniya, ko ana yi maka barazana, rubuta ƙorafi ga bankin ka riƙe kwafi mai hatimi. Idan ba su warware ba, ka kai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, akwai reshensa a Bauchi.